Kuskuren Ɗan Koyo: A Jikin Wa Zai Sauka?

  

Babu sana'ar da ake iyawa ba tare da an ɓata wani abu a wajen koyonta ba. Yaron tela ba ya farawa da shadda. Takardar buhun siminti ake ba shi, ya yi ta taka keke a kanta har ɗinkinsa ya miƙe. Almajiri kuwa a kan allo yake fara rubutu, in ya karkace malam ya gyara masa, a wanke, ya sake, kuma ba a sakar masa takarda sai hannunsa ya faɗa. Hikimar allo ke nan: wuri ne da aka tanada musamman domin kuskure, inda asarar ba ta wuce ta tawada ba.

To, amma akwai sana'ar da ƙyallenta jikin ɗan Adam ne, tawadarta kuwa jininsa. Larabawa suna da karin magana a kan mutumin da ke koyon aski a kawunan marayu, watau ya zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa, ya gwada askarsa a kansa. Kowane ƙwararren likita ya taɓa zama ɗan koyo, kuma akwai mutumin da ya fara taɓawa. Mas'alar wannan mako ita ce: wane ne ya cancanci ya ɗauki nauyin wannan kuskure na farko, kuma mene ne hukuncin malamin da ya sami allon da zai ɗauke wa majinyaci wannan nauyi, amma ya ƙi amfani da shi?

Domin mas'alar ta fito fili, ya kamata a ɗauki aiki guda a dube shi da kyau. A ɗakin da ake yi wa mutum fiɗar zuciya, idon kowa yana kan likitan da ke riƙe da wuƙa. Amma a gefensa akwai wani ma'aikaci a zaune gaban wani inji mai famfuna da tiyo-tiyo, wanda galibin majinyata ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan inji shi ake kira injin zuciya da huhu. Dalilinsa kuwa shi ne, ba a iya ɗinka zuciya daga ciki tana bugawa cike da jini. Lalle ne a tsayar da ita, a kwashe jinin da ke cikinta, alhali ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci ba tare da ta lalace ba. Saboda haka sai a soka tiyo a ɓangaren dama na zuciya, ko a manyan jijiyoyi biyu da ke mayar mata da jini, jinin ya gangaro cikin wani tanki. Daga nan famfo ya tura shi cikin huhun roba, inda yake zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauki iskar oksijin, launinsa ya juya daga duhu zuwa ja wur, a daidaita zafinsa, a tace shi, sa'an nan a mayar da shi cikin uwar jijiya da ke rarraba jini ga jiki duka. Ita kuwa zuciya sai a matse hanyarta, a ɗura mata ruwa mai sinadarin fotasiyam, ta yi tsit. Tun daga wannan lokaci har a gama ɗinki, numfashin wannan bawan Allah da bugun zuciyarsa suna hannun mai inji, da izinin Allah.

Abin lura a nan ga masu sha'awar tarihi: hanyar da wannan inji ke maye gurbinta, watau tafiyar jini daga daman zuciya zuwa huhu, sa'an nan ya komo hagunta, Ibnun Nafis ne ya fara bayyana ta a rubuce, malamin da ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288. Ya ƙaryata maganar Jalinus cewa akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu, a cikin sharhin da ya yi wa sashen sifar jiki na littafin Ƙanun na Ibnu Sina.

Mai karatu ya yi lissafin nan da kansa. Jinin da injin ke turawa a jikin baligi yakan kai lita 4 zuwa 5 a kowane minti. Idan akwai lita guda a cikin tanki, sai tiyon da ke kawo jini ya lanƙwashe ba a lura ba, famfo kuwa yana ta ja, to cikin daƙiƙa 12 zuwa 15 tankin ya ƙafe, abin da zai bi bayan jini cikin jijiya kuwa iska ce. Iska a cikin jijiyar ƙwaƙwalwa ko dai ajali ko shanyewar jiki. An sa wa injunan zamani na'urorin gargaɗi masu tsayar da famfo in jini ya yi ƙasa ko an ga kumfa, amma na'ura takan lalace, akan kuma manta a kunna ta. Haka nan huhun roba yakan gaza a tsakiyar aiki, ya zama dole a sauya shi cikin 'yan mintoci majinyaci ba ya samun jini. Wuta takan ɗauke, batir ya ƙi, mai inji ya kama hannun ƙarfe ya juya famfo da ƙarfinsa kamar mai tayar da injin niƙa. Jini kuma ba ya son taɓa roba, daskarewa yake yi, saboda haka ake ba da maganin hefarin a tsinka shi kafin a fara, a riƙa auna shi, a warware shi da wani magani in an gama. Shi hefarin ɗin ma galibinsa daga hanjin alade ake tatso shi, kuma malamai sun tattauna shi a babin larura da rikiɗar najasa, amma wannan mas'ala ce ta daban.

Babban abin da ke wahalar da koyar da wannan aiki shi ne, waɗannan masifu ba safai suke aukuwa ba. Mutum yana iya yin shekaru yana aiki bai taɓa ganin iska ta cika tiyo ba. Ran da ta cika kuwa, ba a ba shi lokacin buɗe littafi. Yaya za a koya wa ɗalibi abin da ba a fatan ya gani, alhali in ya gan shi dole hannunsa ya riga tunaninsa?

Shi kansa injin da rayuka aka saye shi. John Gibbon, likita ɗan Amurka, ya fara tunaninsa a farkon shekarun 1930 a birnin Boston, bayan ya kwana yana gadin wata mata da gudan jini ya toshe mata jijiyar huhu, aka yi mata fiɗa ba ta tashi ba. Ya shafe fiye da shekara 20 yana gwaji, shi da matarsa Mary, da farko a kan kyanwoyi, wasu ma a titi yake kamo su da dare, daga baya a kan karnuka, har kamfanin IBM ya taimaka masa da injiniyoyi. Majinyaciyarsa ta farko, jaririya 'yar wata 15, ta rasu a 1952, domin ciwon da aka zata ba shi ne ke damunta ba. Ranar 6 ga Mayu 1953, a Filadelfiya, ya toshe rami a zuciyar wata yarinya 'yar shekara 18, injin ya ɗauke mata aikin zuciya da huhu gaba ɗaya na minti 26, ta tashi ta yi tsawon rai. Yara biyu da suka biyo bayanta duk suka rasu. Gibbon bai ƙara yin fiɗar zuciya da injin ba.

A jihar Minisota kuwa, Walton Lillehei ya bi wata hanya a 1954: ya haɗa jijiyoyin yaro da na mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko wani baligi mai irin jininsa, domin zuciyar babba da huhunsa su yi wa yaron aiki. Ya yi wa mutum 45 haka, 28 suka fita asibiti da rai. Masu suka suka ce wannan aiki ne da za a iya rasa mutum biyu a cikinsa domin neman ceton ɗaya. Wata uwa da aka kwantar domin ta yi wa 'yarta wannan aro, iska ta shiga jijiyarta ta hanyar ƙarin ruwa bisa kuskure, ta sami lahani a ƙwaƙwalwa wanda bai warke ba. A 1955 John Kirklin na asibitin Mayo ya gyara injin Gibbon ya yi aiki da shi a kan mutum 8, huɗu suka rayu.

Ba a kawo wannan tarihi domin a zargi waɗancan mutane ba. Yaran da suka yi wa aiki ba su da wani magani a wancan zamani, kuma babu allon da za su koya a kansa in ba jikin dabba ba. Uzurinsu larura ne. Amma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa abin da aka halatta saboda larura da gwargwadonta ake auna shi, kuma in uzuri ya gushe, rangwamen da aka gina a kansa ya gushe tare da shi.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi mai ma'anar cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa likitan da ya yi kaciya hannunsa ya zarce, akwai diyya, kuma kuskure ne da danginsa ke ɗauka. Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba wanda shi ma likita ne, ya rasu a 1198, ya bambanta a Bidayatul Mujtahid tsakanin masanin da ya yi kuskure da wanda ba ya cikin ma'abota sana'ar tun asali. Shi na biyun mai ƙetare iyaka ne, kuma bayan diyya har da horo a kansa. Ibnul Ƙayyim ya kasa masu magani kashi biyar, kuma a maganarsa kan jahilin likita ya rataya hukunci a kan sanin majinyaci: in majinyaci ya zaci ƙwararre ne ya miƙa masa jikinsa a kan wannan zato, lamuni ya tabbata. Wannan gaɓa tana da nauyi ƙwarai a ɗakin fiɗar zuciya, domin majinyacin yana cikin barcin magani, bai san wanda ke zaune gaban inji ba.

Hukuma ma ta taɓa shiga tsakani tun da daɗewa. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Sai ya hana kowa taɓa majinyaci sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi takarda, kuma waɗanda aka jarraba sun haura 860. Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya buɗe sashen fiɗa na littafinsa Attasrif da kukan cewa sana'ar ta lalace a hannun waɗanda ba su san sifar jiki ba, har ya ba da labarin wani jahili da ya tsaga ƙari a wuyan wata mata, ya yanke jijiya, jini ya zuba har ta mutu a gabansa. Maganin da ya kawo kuwa abin lura ne: ya zana surar kayan fiɗa kusan 200 a cikin littafin, domin ɗalibi ya san su da ido kafin ya riƙe su da hannu. Ashe koyarwa da sura kafin a taɓa jiki ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi.

Sai dai akwai ƙulli a nan. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, har ya yi mamakin garuruwan da suka cika da masu fiƙihu babu likita Musulmi ko ɗaya. Idan al'umma ba ta horar da masu wannan aiki ba, duk ta yi laifi. Horarwa kuwa ba ta yiwuwa sai wanda bai ƙware ba ya sa hannu. Wajibi biyu ke nan suka yi karo: wajibin samar da masani gobe, da haƙƙin majinyacin yau. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce ɗalibi ya kalli malami, sa'an nan ya yi malami na tsaye a kansa. A Amurka, hukumar da ke ba masu wannan inji shaidar ƙwarewa ba ta barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya gudanar da aiki 75 a kan majinyata na gaske ƙarƙashin kulawa. Tsari ne mai kyau, amma duk wanda aka yi na farko a kansa cikin saba'in da biyar ɗin nan, ɗan wani ne ko mahaifiyar wani.

Masu tuƙin jirgin sama suka riga likitoci samun allo. Tun 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙi wanda ba ya barin ƙasa. A fannin lafiya an fito da mutum-mutumin koyon farfaɗo da numfashi a Norwe a 1960. Abin ya ƙara ƙarfi bayan 1999, lokacin da Cibiyar Likitanci ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. A 2007 likitoci biyu a Ostareliya suka bayyana wata na'ura mai suna Orpheus, wadda ake haɗawa da injin zuciya da huhu na gaske ta zama kamar majinyaci, malami yana daga gefe da kwamfuta yana jefo wa ɗalibi matsala iri iri.

Na baya-bayan nan ita ce dabarar ɗora sura a kan zahiri. Ba irin tabaran nan ba ne da ke rufe ido ruf su kai mutum wata duniyar ƙage. A wannan dabara ɗalibi yana ganin ɗakin da yake ciki da injin da ke gabansa, sai kwamfuta ta ƙara masa hoto a kan abin da yake gani, ko ta gilashin tabarau, ko ta fuskar wayar hannu in ya saita ta a kan injin. Injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Boeing ne suka raɗa mata suna a farkon shekarun 1990, suna neman hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi. Da ita ana iya nuna wa ɗalibi jini yana gudana a cikin tiyon da babu kome a ciki, da abin da ke faruwa a cikin huhun roba wanda ido ba ya gani, da yadda tiyo ke zaune a cikin zuciya, da jerin matakan haɗa injin ɗaya bayan ɗaya a daidai wurin da hannunsa zai taɓa. Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka ta koyar da sifar jiki da tabarau na HoloLens. A Japan kuma, inda injiniyoyin asibiti ke sarrafa wannan inji bisa dokar da aka kafa a 1987, wasu malamai sun buga rahoto a 2019 kan amfani da wannan dabara wajen koyar da ɗalibansu. Amfaninta a fili yake: injin na da tsada, ba kowace makaranta ke da fiye da ɗaya ba, kuma ba a barin ɗalibai su cika ɗakin fiɗa, amma waya tana aljihun kowa, ɗalibi yana iya maimaita darasi sau ɗari a ɗakinsa.

Wani zai tambaya game da hukuncin sura. Abin da malaman Malikiyya suka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai, mai jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Hoton famfo da tiyo ba na mai rai ba ne, hoton zuciya gaɓa ce guda, kuma dukansu haske ne da ke gushewa da an kashe na'ura. Wannan bai kai a tsaya a kansa ba. Hasali ma dabarar tana rage wani abin da ya fi nauyi: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta fiɗar gawa domin koyarwa a 1987, amma da sharuɗɗa da gwargwadon buƙata, saboda alfarmar mamaci kamar ta rayayye ce. Duk abin da ya rage buƙatar gawa, da ta dabbar da ake yankawa domin gwaji, ya kusantar da mutane ga asalin hukunci.

Saboda haka abin da ya fi rinjaye shi ne, inda wannan allo ya samu kuma makaranta na da ikon mallakarsa, amfani da shi ya tashi daga ado ya koma wajibi, bisa ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Malamin da zai iya sa ɗalibinsa ya sauya huhun roba sau ashirin a kan ruwa da hoto, amma ya bar shi ya fara gamuwa da wannan a kan ɗan mutane, ba zai fake da larurar da Gibbon ya fake da ita ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Maskat a 2004, ta tabbatar da cewa lamuni ba ya tsayawa a kan wanda hannunsa ya yi ɓarna kaɗai: shugaban ayarin likitoci yana tarayya a ciki in ya gaza wajen kulawa, ita ma cibiyar lafiya tana ɗauka in ta yi sakaci da abin da ke kanta. Rashin horar da ma'aikaci a kan masifar da aka san tana aukuwa, alhali akwai hanyar horarwa, yana da wuya a fitar da shi daga ma'anar sakaci.

Amma fa a nan ne ya kamata a ja linzami, domin masu sayar da na'urori sun iya baki. Hadisin da aka ambata bai rataya kuɓuta daga lamuni a kan yawan kallo ba, ya rataya ta a kan a san mutum da ilmin. Sura tana koyar da ido, tana kuma koyar da tsari, watau wannan kafin wancan. Ba ta koyar da taurin tiyo a tafin hannu, ko santsin jini a safar hannu, ko yadda ake fahimtar likitan fiɗa in ya yi magana a taƙaice cikin fushi. Kuma majinyacin kwamfuta yana bin lissafin wanda ya tsara shi ne, shi kuwa ɗan Adam yakan zo da abin da ba a rubuta ba. Malamai sun kasa jahilci biyu: na wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, da na wanda bai sani ba amma yana zaton ya sani. Na farko yakan kira malami. Na biyu shi ne mai kisa, kuma babu abin da ke haifar da shi kamar cin jarrabawa mai sauƙi sau da yawa. Akwai ma wani aibi na daban: ɗalibin da ya saba kibiya na nuna masa inda zai taɓa, ran da aka cire masa tabarau yana iya tsayawa yana jiran kibiya. Lalle ne a riƙa janye masa taimakon sannu sannu, kamar yadda malam ke daina rubuta wa almajiri ya bar shi ya rubuta da ka.

Sa'an nan akwai abin da ya shafi zuciyar ɗalibin kansa, wanda ya fi wuyar aunawa. Mutumin da majinyacin hoto ya mutu a hannunsa sau talatin, kowane karo ya danna maɓalli ya tashe shi, ana jin tsoron kada mutuwa ta yi masa sauƙi a rai. Wannan tsoro yana da tushe, amma bai isa hujjar barin allo ba. Firgici ba taƙawa ba ne. Wanda hannunsa ke rawa saboda bai taɓa ganin abu ba, ba ya fi wanda ya natsu tsoron Allah. Sau da yawa ma natsuwar hannu ce ke ba zuciya sararin tuna cewa rai ne a gabanta. Gyaran yana wurin malami: kada ya bari a mayar da darasin wasa, kuma duk lokacin da majinyacin hoto ya mutu a zauna a bi diddigin abin da ya jawo, ɗalibi ya faɗi kuskurensa da bakinsa ba tare da an wulakanta shi ba. Wanda ya saba cewa "ni na yi kuskure" a gaban allo, shi ake sa ran zai iya faɗinta a gaban iyalan majinyaci, inda faɗin ke da ɗaci kuma diyya ke iya biyo baya.

Mas'alar ta fi tsanani a ƙasashen da fiɗar zuciya ba ta yawaita ba. A Nijeriya an fara yin ta a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, tare da likitan nan ɗan Masar, Magdi Yakub, amma aikin ya yi ta tsayawa yana tashi, alhali ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba yana lalata ƙofofin zuciyar yara da matasa da yawa a Afirka. A Sudan an buɗe cibiyar Salam kusa da Hartum a 2007 domin yin wannan aiki kyauta. Inda ake yin aiki jefi-jefi, ɗalibi zai daɗe bai tara adadin da ake bukata ba, wanda ya ƙware ma hannunsa yakan yi sanyi tsakanin aiki da aiki, ga kuma ɗaukewar wuta da ba baƙuwa ba ce. A irin wannan wuri allo ya fi zama dole. Ba kuma lalle sai mai tsada ba: tabarau na HoloLens 2 sun fito a 2019 a kan dala 3,500, kamfanin Microsoft kuma ya daina ƙera su a 2024, wanda ya isa gargaɗi ga makarantar da za ta rataya dukan koyarwarta a kan hajar kamfani guda. Tsohon inji da bokitin ruwa mai launi da malami mai himma, tare da wayar hannu, suna iya ɗauke kaso mai yawa na kuskuren farko.

Duk da haka ranar za ta zo da ɗalibi zai zauna gaban inji jinin mutum na gudana a ciki, domin babu adadin maimaici da ke share wannan rana. Abin da Shari'a ke nema a ranar abu uku ne da ba na'urar da ke ɗauke su. A sanar da majinyaci ko waliyyinsa tun kafin a sa shi barci cewa akwai ɗalibi a cikin masu aikin, da iyakar abin da zai yi, domin izinin da aka bayar bisa zaton ƙwararre ba ya rufe wanda ba ƙwararre ba. Malami ya zauna inda hannunsa zai kai ga famfo kafin daƙiƙa goma sha biyun nan su cika, ba ya leƙo daga ƙofa ba. Kuma kada a ware talaka da maraya da baƙo a ce su ne na koyo, masu hali kuwa a ba su gwani. In tsarin bai isa a yi wa ɗan shugaban asibiti aiki da shi ba, bai isa a yi wa kowa ba. Shi kuwa malamin da zai sa hannu a takardar shaidar ɗalibi, ya san shaida ce yake bayarwa irin wadda Sinan ɗan Sabit ya bayar a Bagadaza, kuma makin da kwamfuta ta buga ba ya ɗauke masa alhakinta. Allah ne Mafi sani.